Likkafa a Cikin Yashi: Yadda Masana ke Gano Shekarun Tsofaffin Kayan Doki da Ake Tsamowa Daga Koguna

A kowace shekara, da zarar damina ta ɗauke ruwa ya ja baya, masu haƙar yashi da tsakuwa kan sauka cikin kogunan da ke kewaye da garin Keffi a Jihar Nasarawa, ciki har da Kogin Antau da ya ratsa garin, yayin da masu wankin zinare ke nasu aikin a rafukan yankin Uke. Gine-ginen da ke ta bunƙasa a kan hanyar Keffi zuwa Abuja sun sa buƙatar yashi na ƙaruwa, tifa-tifa na shiga suna fita, ana kuma ƙara nutsawa cikin gindin kogi.

Duk inda ake tona ƙasa haka, abin da ta daɗe tana ɓoyewa yana iya fitowa: katangar tsohuwar tukunya, dutsen niƙa, kan mashi, ko kuma guntun linzami da likkafar da tsatsa ta rufe. Tambayar farko da mai tsintuwa zai yi ita ce: wannan abu shekararsa nawa? Ita ce kuma tambayar da ta fi ba masana binciken kayan tarihi wahala idan abin daga kogi ya fito, domin ruwa yakan adana kaya, amma yakan shafe shaidar lokacin da suka faɗa cikinsa.

Dalilin da ya sa kayan doki ke da muhimmanci

Ba a raba tarihin sarauta a ƙasar Hausa da doki. Sarautu irin su Madawaki, Shamaki, Ubandawaki da Sarkin Dawaki duk daga barga da fagen fama suka samo asali. Ita kanta Keffi, wadda Abdu Zanga ya kafa a wajajen shekarar 1800, ta zauna ƙarƙashin Masarautar Zazzau a matsayin sansanin kudu, kuma ƙarfinta ya dogara ga mahaya. A watan Oktoban 1902 ne Magajin Keffi, Ɗan Yamusa, ya kashe jami'in Birtaniya Kyaftin Moloney, ya hau doki ya nufi Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi. Turawa suka riƙi wannan a cikin dalilansu na kai wa Kano hari, suka ci birnin a watan Fabrairun 1903.

Akwai wani abu kuma da ya shafi wannan yanki musamman. Idan aka gangaro kudu daga Zariya zuwa kwarin Binuwai, ana shiga ƙasar ƙudan tsando, wanda ke sa wa dabbobi cutar sammore. Doki ba ya daɗewa a irin wannan wuri, don haka sai an riƙa kawo sababbi daga arewa. Dokin yakan mutu, amma linzaminsa da likkafarsa su zauna, a ɗora wa wani. Saboda haka kayan doki su ne shaidar da ta rage ta hanyoyin fatauci, da yaƙe-yaƙe, da dangantakar da ke tsakanin arewa da tsakiyar Najeriya. Sanin shekarun likkafa guda na iya nuna ko mahaya masu sirdi sun isa wani yanki tun kafin jihadin 1804, ko kuwa sai bayansa. Idan aka yi kuskuren shekarun, an yi kuskuren labarin baki ɗaya.

Abin da kogi ke bayarwa da abin da yake ƙwacewa

A tsohon kufai ko makabarta, ƙasa tana taruwa ne hawa-hawa. Abin da ke ƙasa ya girmi abin da ke sama, kuma kayan da aka samu a shimfiɗa ɗaya galibi na zamani ɗaya ne. Idan aka tarar da linzami kusa da murhu mai gawayi, aka gwada gawayin, an sami shekarun linzamin ko kusa da haka. Wannan shi ne ginshiƙin aikin masu binciken kufai.

Kogi ba ya bin wannan tsari. Ambaliya takan zaftare gaɓa, ta kwaso abin da ya shekara dubu a binne, ta gauraya shi da kwalbar da aka jefar bara, ta ajiye su a lungu ɗaya. Ƙarfe yana da nauyi, don haka yakan nutse ta cikin yashi har ya kai ga tsakuwar da ta girme shi nesa ba kusa ba. Kogin kuma yakan sauya hanya, ya bar tsohon kwari ya tona sabo. Abin da ke kwance kusa da likkafa a gindin ruwa bai zama lallai tsaranta ba ne.

Sai dai ruwa yana da nasa alherin. Inda laka ta rufe abu ta hana iska shiga, itace da fata da ƙashi kan daɗe ba su ruɓe ba. Kwalekwalen Dufuna a Jihar Yobe misali ne: wani makiyayi ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya kusa da Kogin Komadugu Gana, masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono shi a 1994, gwaji kuma ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Tsawonsa ya ɗara mita 8, kuma yana cikin kwalekwale mafi daɗewa da aka taɓa samu a duniya. A kwarin Kogin Tollense da ke arewacin Jamus, inda aka fara tsintar ƙasusuwa a 1996, an tono ragowar mutane fiye da 100 tare da ƙasusuwan dawaki da makaman katako, shaidar wani gumurzu da aka yi a wajajen shekara ta 1250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A duka wuraren biyu an yi nasara ne saboda an sami abin da ya taɓa rayuwa, aka gwada shi kai tsaye.

Darasin da aka koya daga Nok

Ba sai an je nesa ba kafin a ga wannan matsala. Mutum-mutumin yumɓu na al'adar Nok, waɗanda aka fara tsinta a 1928 a kudancin Jihar Kaduna ta yau, maƙwabciyar ƙasar Keffi, sun fito ne daga ramukan haƙar kuza, wato daga tsakuwar da tsofaffin koguna suka tara. Bernard Fagg, wanda ya kafa Gidan Tarihi na Jos a 1952, ya dogara ne da itatuwan da aka samu a cikin waɗannan shimfiɗu, ya ƙiyasta cewa al'adar ta wanzu tsakanin shekara ta 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) zuwa ta 200 Miladiyya. Ƙiyasi ne mai amfani a lokacinsa, amma ruwa ne ya haɗa itacen da mutum-mutumin a wuri ɗaya.

Da aka tona Taruga, kudu maso gabashin Abuja, a shekarun 1960, sai aka sami guntayen mutum-mutumin a mazauninsu na asali tare da matoyar narkar da tama, wadda gawayinta ya nuna fiye da shekara 2,200. Daga 2005 kuma masana daga Jami'ar Frankfurt, tare da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, suka tona wurare masu yawa, suka riƙa gwada ƙonannun ƙwayoyin gero. Ƙwayar gero shekara ɗaya take yi, don haka shekarunta sun fi na kututture daidai. Sakamakon ya mayar da farkon al'adar Nok baya zuwa kimanin shekara ta 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Bambancin shekara 1,000 ke nan tsakanin abin da tsakuwar kogi ta faɗa da abin da mazaunin asali ya tabbatar.

Yadda gwajin kabon-14 ke aiki

Hanyar da ta fi shahara ita ce gwajin sinadarin kabon-14, wanda masanin kimiyya ɗan Amurka Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, ya kuma sami kyautar Nobel a kansa a 1960. Duk tsiro yana shaƙar wannan sinadari daga iska, dabba kuma ta same shi daga tsiron da ta ci. Da zarar rai ya fita, shigarsa ta tsaya, wanda ke jiki ya fara raguwa a kan ƙa'ida: rabinsa yana ɓacewa a duk shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya rage, an san lokacin da tsiron ko dabbar ta mutu. Hanyar tana aiki har zuwa kimanin shekara 50,000.

A kayan doki, abin da za a iya gwadawa shi ne katakon sirdi, fatar kamazuru da majayi, audugar lifidi, zaren ɗinki, da ƙashi ko ƙaho. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 an sami na'urar da ke ƙidaya ƙwayoyin sinadarin kai tsaye, ta yadda ɗan ɓarɓashin da bai kai ƙwayar shinkafa ba ya isa. Wannan ya sauya al'amura ƙwarai ga kayan kogi, domin yanzu ana iya ɗebo samfur daga jikin abin kansa, ko da ɗan zaren fata ne da tsatsa ta riƙe a cikin kunnen likkafa.

Lambar da na'ura ta bayar ba ita ce shekarar kalanda ba. Yawan kabon-14 a cikin iska ya riƙa hawa da sauka a tsawon zamani, saboda haka sai an daidaita sakamakon da wani jadawali da aka gina daga zoben shekara na kututturan bishiyoyi da wasu shaidu. Wanda ake amfani da shi yanzu an fitar da shi a 2020. Shi ya sa sakamakon gaskiya ba ya zuwa da shekara guda. Yakan zo ne da tazara, misali tsakanin shekara kaza zuwa kaza, tare da bayanin gwargwadon tabbacin da ake da shi.

Tarkunan da ke kan hanya

Tarko na farko shi ne tsohon itace. Gwajin yana nuna lokacin da zoben itacen ya daina girma ne, kuma zuciyar babbar bishiya na iya girmar ranar da aka sare ta da shekara 100 ko fiye. Idan masassaƙi ya yi sirdi da ita, sirdin zai nuna tsufan da bai kai ba. Fata da zare sun fi aminci, tun da dabba da auduga ba sa daɗewa.

Na biyu shi ne gurɓatar da ruwa ke jawowa. Ruwan da ya ratsa ruɓaɓɓen ganye yakan shigar da baƙon kabon cikin itace da ƙashi, na farar ƙasa kuma ya bar nasa. Kafin gwaji sai an wanke samfurin da sinadarai, a ƙashi kuma sai an tace wani sinadarin jiki mai suna kolajin. A ƙasashe masu zafi irin Najeriya, kolajin yakan lalace da wuri, wani lokaci a buɗe ƙashi a tarar babu abin gwadawa. Man kaɗe ko man inji da mai tsintuwa zai shafa wa abin don ya yi ƙyalli shi ma yana ɓata sakamako: man kaɗe ya sa abin ya zama sabo, man inji kuma, da yake daga fetur ya fito, ya sa ya zama tsoho tukuf.

Na uku ya shafi Keffi kai tsaye. Daga wajajen 1650 zuwa 1950, jadawalin daidaitawa yana da karkace-karkace, ta yadda lamba ɗaya kan dace da lokuta uku ko huɗu mabambanta. Ke nan fatar linzamin da aka ɗinka a zamanin Abdu Zanga da wadda aka ɗinka a zamanin Turawa na iya ba da amsa iri ɗaya. Ga kayan da suka shafi zamanin masarautun ƙarni na 19, kabon-14 kaɗai ba ya raba gardama. Abin da yake iya yi da kyau shi ne ya nuna ko abu ya girmi 1650, ko kuma an yi shi bayan 1955, domin gwajin makaman nukiliya da aka yi a sararin sama ya ninka sinadarin a cikin iska zuwa tsakiyar shekarun 1960. Da wannan alama ake kama jabun kayan tarihi da aka binne cikin laka don a yaudari mai saye.

Labarin ingarman Dereivka a ƙasar Yukren ya isa gargaɗi. An sami ƙoƙon kan wani doki a wani tsohon mazauni kusa da Kogin Dnieper da ya kai kimanin shekara 6,000, haƙoransa kuma na ɗauke da zaizayar linzami ƙarara. Shekaru da dama ana kafa hujja da shi cewa a nan aka fara hawan doki. Da aka gwada ƙashin kansa kai tsaye, sai ya nuna tsakanin shekara ta 700 zuwa ta 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wasu mutane ne na baya suka haƙa rami cikin tsohuwar ƙasa suka binne shi. Idan haka ta faru a kan tudu, na cikin ruwa sai ya fi. Binciken ƙwayoyin halittar tsofaffin dawaki 273 da aka wallafa a mujallar Nature a 2021 ya nuna cewa kakannin dawakin gida na yau sun bazu ne daga yankin kogunan Volga da Don a kudancin Rasha, tun daga wajajen shekara ta 2200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Idan abin ƙarfe ne zalla

Mafi yawan abin da zai tsira a kogi mai gudu ƙarfe ne, shi kuwa bai taɓa rayuwa ba. Duk da haka yana da bakin magana ga wanda ya iya saurare.

Baƙin ƙarfen da maƙeran gargajiya suka narkar daga tama da gawayin itace yana riƙe ɗan kabon daga wannan gawayi, kuma ana iya ciro shi a gwada. Matsalar ita ce ƙarfen da aka shigo da shi daga masana'antun Turai galibi an narkar da shi ne da gawayin kwal, wanda ya shekara miliyoyi a ƙasa, babu sauran kabon-14 a cikinsa. Linzamin da aka ƙera da guntun ƙarfen jirgin ƙasa ko na mota zai ba da shekaru dubbai na ƙarya. Don haka sai an fara yanko ɗan ƙanƙanen yanki an duba a madubin ƙara girma: ƙarfen gargajiya yana da jirwayen kashin maƙera a cikinsa, na masana'anta kuwa sumul yake.

Tagulla kuma, wadda ake zuba manyan likkafu da kayan adon doki da ita, haɗin jan ƙarfe ne da tutiya. Tsohuwar hanyar haɗa su ba ta iya wuce kimanin kashi 30 cikin 100 na tutiya, saboda haka tagullar da ta zarce haka galibi ta baya-bayan nan ce. Dalmar da ke cikinta na iya nuna mahaƙar da ta fito. Da irin wannan bincike ne aka tabbatar a 2023 cewa da yawa daga tagullar Benin an zuba su ne da mundayen da aka ƙera da ƙarfen yankin Kogin Rhine na Jamus. Idan aka ga alminiyum a jikin abu, magana ta ƙare, domin sai daga 1886 aka fara samar da shi da yawa, kuma bai zama kayan aikin maƙeran ƙasar nan ba sai a ƙarni na 20. Idan kuma yumɓun da aka yi zubi a kansa ya maƙale a wani lungu, ana iya gasa shi a auna ɗan hasken da yake fitarwa, wanda ke nuna lokacin da wuta ta taɓa shi na ƙarshe. Irin wannan dabara ce ake amfani da ita a kan yashi don sanin ranar da hasken rana ya yi masa gani na ƙarshe, amma wannan shekarun yashin yake bayarwa, ba na abin da ya nutse cikinsa ba.

Siffa, harshe da rubutaccen tarihi

Hanya ta uku ita ce kwatanta siffar abin da wasu irinsa da aka riga aka san shekarunsu. A nan tarihin duniya yana kafa iyaka. Likkafa ba ta zo tare da hawan doki ba. An shafe fiye da shekara 2,000 ana hawa babu ita. Tsofaffin shaidunta tabbatattu sun fito ne daga kaburburan ƙasar Sin na farkon ƙarni na 4 Miladiyya, kuma wani sirdin katako da aka samu a wani kogo a Mongoliya, wanda aka wallafa bincikensa a 2023, ya nuna wajajen shekara ta 420. Daga can ta bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa zuwa Arewacin Afirka.

A Afirka ta Yamma doki ya riga sirdi zuwa. Mahayin tagulla da aka tono a Igbo-Ukwu a Jihar Anambra, a aikin da Thurstan Shaw ya fara a 1959, na ƙarni na 9 ne zuwa na 10. A Bura da ke yammacin Jamhuriyar Nijar, inda Boube Gado ya yi tono a 1983, an sami mutum-mutumin mahaya na yumɓu a wata makabarta da aka yi amfani da ita tsakanin ƙarni na 3 zuwa na 13. A tsaunukan Filato kuwa, al'ummomi irin su Berom sun ci gaba da hawan ƙananan dawakinsu babu sirdi babu linzamin baki har cikin ƙarni na 20. Masanin tarihi Robin Law, a littafinsa na 1980 kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, ya nuna cewa sirdi mai likkafa ya bazu a yankin ne tun daga ƙarni na 13 zuwa na 14, tare da manyan dawaki daga arewacin Sahara. Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, ya kuma ambaci yadda dawaki ke tafiya daga Kano zuwa ƙasar Kwararrafa a kudu.

Harshen Hausa ma shaida ne. Kalmomin sirdi, linzami, likkafa da lifidi duk daga Larabci suka samo tushe, abin da ke nuna hanyar da kayan suka biyo. Idan aka haɗa waɗannan hujjoji, likkafar da aka tsamo daga kogi a tsakiyar Najeriya da wuya ta girmi ƙarni na 14. Matsalar tana a ɗaya ɓangaren ne: linzami mai zobe da ke kewaye haɓar doki, da faffaɗar likkafa mai kaifin gefe, sun riƙe kamanninsu ƙarni bayan ƙarni, har yau maƙera na yin irinsu don hawan Sallah. Ga kuma gado: ana iya ƙera likkafa a zamanin kaka, ta faɗa kogi a zamanin jika. Ranar ƙira daban, ranar ɓata daban, kuma wajibi ne a san wadda ake magana a kanta.

Saboda haka masani ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya. Zai duba inda aka sami abin da zurfinsa, ya nemi ragowar fata ko zare, ya binciki haɗin ƙarfen, ya kwatanta siffar da kayan gidajen tarihi da na fadoji, sannan ya tambayi dattawa ko wurin tsohuwar mashiga ce ta fatake ko fagen wani yaƙi. Inda amsoshin suka haɗu, nan ne gaskiya ta fi kusa.

Abin da ya rataya a wuyan mai tsintuwa

Duk wannan aiki ya dogara ne ga mutumin da ya fara ɗaga abin daga yashi. Masana suna ba da shawarar kada a kankare tsatsa, kada a goge da yashi ko lemun tsami, kada a shafa mai. Idan akwai katako ko fata a jiki, a bar shi da damshinsa a cikin leda, domin itacen da ya daɗe a ruwa yakan tsage ya marmashe da zarar ya bushe. A ɗauki hotonsa da waya a inda yake, a lura da zurfin ramin da irin ƙasar, a kuma adana duk abin da ke kusa da shi.

Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana tonon kayan tarihi ba tare da izini ba, ta hana cinikinsu sai ta hannun wanda aka amince wa, ta kuma hana fitar da su waje ba da takardar izini ba. Hanya mafi sauƙi ga mai tsintuwa ita ce ya sanar da mai unguwa ko fadar hakimi, su kuma su isar ga hukumar. Babban haɗarin da ke fuskantar tsohon ƙarfe a yau shi ne sikelin 'yan gwangwan: likkafar tagulla da ka iya cike giɓin ƙarni guda a tarihi ana iya sayar da ita da kilo, kashegari ta narke.

Akwai wuraren da za su iya taimakawa a cikin gida. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, kuma Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta jami'ar tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, wadda ake amfani da ita wajen tantance sinadaran da ke cikin ƙarfe da ƙasa. Jami'ar Jihar Nasarawa tana cikin garin Keffi, kusa da kogunan da ake magana a kansu. Gwajin kabon-14 kuwa galibi ana aika samfurinsa ne zuwa Turai, Amurka ko Afirka ta Kudu, a kan kuɗin waje, ko da yake tun a shekarun 1960 masanin Senegal Cheikh Anta Diop ya kafa irin wannan ɗakin gwaji a Dakar. Kaburburan Durɓi Takusheyi na Jihar Katsina, da aka tona a 1992, sai da aka kai kayansu birnin Mainz na Jamus kafin a gyara su a kuma tabbatar sun fito daga tsakanin ƙarni na 13 zuwa na 16.

Tsadar gwaji ta sa ba kowane guntun ƙarfe ne zai kai ɗakin bincike ba. Amma rubuta wurin da aka tsinci abu, da ranar, da zurfin, ba ya cin ko kwabo, kuma shi ne abin da babu na'urar da za ta iya maidowa idan ya ɓace. Rijistar da masarauta, jami'a da ƙungiyoyin masu haƙar yashi za su riƙe tare na iya zama matakin farko, ta yadda duk ranar da kuɗin gwaji ya samu, za a tarar da kayan tare da cikakken bayanin inda suka fito.